Yadda Ake Jagorantar Wasan Masu Rikiɗa Kura a Majalisar Dare

A istirahohin Makka da Jidda, wato gidajen shaƙatawa da ake kamawa haya, idan samari suka haɗu ranar Alhamis da dare, abin da za a yi sananne ne: balot, keram, domino, ko kowa ya duƙufa kan wayarsa har shayi ya huce. Akwai wani wasa da ya fi waɗannan riƙe hankali, kuma ba ya neman komai sai baki da kunne da ɗan abin ƙirga. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zame masa baki da ƙafa. Mai labari ya faɗi halin da ake ciki, 'yan wasa su faɗi abin da mutanensu za su yi, ƙa'ida ta yanke ko abin ya yiwu. Babu wanda ya san inda za a ƙare, har shi mai jan labarin.

Irin wannan wasa ya fito fili ne a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons. A 1992 kamfanin White Wolf ya fitar da Werewolf: The Apocalypse, inda 'yan wasa ke zama mutanen da ke rikiɗa kyarkeci. Kada a haɗa shi da wasan Mafiya da samarinmu suka sani, wanda ake rufe ido a nemi mai kisa. Shi Mafiya Dimitry Davidoff ne ya ƙirƙire shi a Mosko, daga baya a 1997 Andrew Plotkin ya sa masa rigar kyarkeci. Mafiya canki ne da ke ƙarewa cikin rabin sa'a. Abin da nake magana a kai labari ne mai tsawo, wanda ake komawa kansa mako bayan mako.

Shawarata ga Bahaushen Hijaz da ke son jan irin wannan wasa ita ce ya ajiye kyarkecin Turawa ya ɗauko kura. Turawa sun daɗe da nasu tsoron, har a 1589 aka kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na ƙasar Jamus bisa zargin yana rikiɗa. Amma dazuzzukansu masu ƙanƙara da harsashin azurfa ba sa taɓa zuciyar yaron da ya tashi a Shara Mansur ta Makka ko Karantina ta Jidda. Kura kuwa gadonta muka yi. Duk wanda kakarsa ta yi wa hirar dare ya ji labarin mutumin da ke fita bayan gari ya yi birgima ya tashi kura. Barebari suna da labarin, mutanen Sudan suna da shi, Habashawa suna kiran irin mutumin buda. Duk hanyar da kakanninmu suka tako da ƙafa zuwa nan, labarin ya biyo ta.

Daɗin wasan ba a faɗa yake ba. Ɗan wasa yana riƙe da mutum mai ƙarfin da ya fi na kowa a gari, amma duk lokacin da ya yi amfani da ƙarfin sai ya ƙara kusantar cutar da waɗanda yake ƙauna. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida. Wannan mutumin yana ɗauke da duka biyun a jiki ɗaya: da dare ana tsoronsa, da safe shi ne ba ya iya haɗa ido da mahaifiyarsa. Mai labari kuwa rabonsa ya fi na kowa, domin shi ke shimfiɗa jarrabawar ya zauna yana kallon abokansa suna zaɓe, kuma sau da yawa zaɓinsu ba wanda ya zata ba ne.

Mataki na 1: Mutane, wuri da lokaci

'Yan wasa 4 su ne daidai, ban da kai. Da 3 ma ana yi. Idan suka wuce 5, wasu za su daɗe ba a zo kansu ba, hannu ya koma kan waya. Zaɓi masu iya sauraro fiye da masu iya surutu. 'Yan'uwa mata ma suna iya yin nasu a majalisarsu, kuma ba abin da zai canja a ƙa'ida.

Wuri ya zama mai ƙofa da za a rufe: majalisar gida, ɗaki a istiraha, ko saman soro lokacin sanyi. Idan kun fita kashta bayan gari kun kunna wuta, to wurin ya yi maka rabin aikin. A rage haske, a tara wayoyi a tire guda a ajiye gefe. A fara bayan Isha, a yi sa'a 3 da hutu a tsakiya, a tashi da wuri yadda ba wanda zai makara Asuba. A ci abinci kafin a fara, ko a bar tsiren ya iso lokacin hutu. Gahawa da dabino su kasance a tsakiya, kuma kada a zubar da ƙwallayen, suna da aiki. Goman ƙarshe na azumi da lokacin Hajji a ɗaga wasan, tunda da yawanmu muna hidimar alhazai a wannan lokaci.

Mataki na 2: A yi magana kan iyaka kafin a fara

Wannan matakin shi ne wanda masu ɗoki ke tsallakewa, shi ne kuma ke raba majalisa idan aka tsallake shi. Ka ɗauki minti 15 ku yarda da abubuwa kaɗan.

Na farko, tatsuniya ce. Ka buɗe kowane zama da "Ga ta nan, ga ta nanku", su amsa "Ta zo mu ji ta", domin kowa ya san ƙofar da aka shiga. Rikiɗa a cikin wasan lalura ce da ta faɗa wa mutum, ba ilimi ne da ake nema ba. Babu kwatanta tsafi, babu surkulle, babu boka mai koyar da yadda ake yi. Haka kuma ba a mayar da aya ko addu'a makamin wasa, ba a kai labarin cikin Harami.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Ba a sa sunan wani mai rai na unguwa a cikin labarin, ko da wasa. Duk mun san abin da kalmar maye ke yi wa gida idan ta manne. A Habasha zargin buda ya daɗe yana bin maƙera da masu ginin tukwane, ya hana a aure su, ya hana a ci abinci tare da su. Don haka a wasanku lalurar kada ta bi ƙabila, kada ta bi sana'a, kada ta bi launin fata. Tana iya faɗa wa ɗan sarki, tana iya faɗa wa mai tallan ruwa.

Na uku, ba kuɗi a ciki, ko riyal 1. Sannan ku ajiye alamar tsayawa: duk wanda labari ya taɓo masa wani ciwo, ya kife finjalinsa, kai kuma ka wuce wurin ba tare da tambayar dalili ba. A cikinmu akwai masu dangi a Sudan da yaƙi ya tarwatsa tun Afrilun 2023, ba kowane hoton ƙone gari ne wasa a wurinsu ba.

Sai maganar ɗan ludo. Yawancin wasannin Turawa da shi ake yanke hukunci, na White Wolf ma da masu fuska 10 ake yi. A wurinmu akwai hadisi a Sahih Muslim da ya yi kakkausan gargaɗi kan wasa da nardu, wato wasan da ake jefa ɗan ludo a cikinsa, kuma malamai da yawa sun hana shi ko babu caca. Ba sai an yi jayayya ba, domin wasan ba ya bukatarsa. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da irin wannan wasa da babu jefa komai a cikinsa. Tsarin da zan bayar a ƙasa shi ma haka yake, kuma a ganina ya fi dacewa da labarin kura, saboda abin da ya sami mutum zaɓinsa ne ya jawo, ba sa'a ba.

Mataki na 3: Kayan aiki da ƙa'ida

Kowane ɗan wasa ya sami takarda 1, alƙalami, finjali, da ƙwallon dabino 5 wankakku. Ƙwallayen su ne ƙoƙarinsa. A tsakiya a ajiye faranti da ƙwayoyin gahawa kamar 30. Su ne yunwa. Kai mai labari ka riƙe ƙwallaye 6 naka da littafin rubutu.

Kowane mutum a labarin yana da baiwa 3: ƙarfi, wayo, da baki, wato iya shawo kan mutane. Ɗan wasa ya raba maki 6 a tsakaninsu, kada ɗaya ta gaza 1, kada ta wuce 3.

Idan ɗan wasa ya ce zai yi abu mai sauƙi, ka bar shi ya yi kawai. Ba a gwaji don buɗe ƙofa ko sayen goro. Sai abin da ke da wuya kuma faɗuwarsa za ta jawo wani abu. A nan za ka sa hannu a baya, ka dunƙule ƙwallaye daga 2 zuwa 6 gwargwadon wuyar abin, ka ɗora hannun a dunƙule a gabansu. 2 abu ne da mai himma zai iya, 4 sai gwani, 6 kuwa ya kusa fin ƙarfin ɗan'adam. Adalci ya wajaba a kanka: ka siffanta abin yadda mai hankali zai iya kintata nauyinsa. Idan katangar doguwa ce mai santsi, ka faɗa.

Ɗan wasa ya faɗi baiwar da zai yi aiki da ita, ya tura ƙwallayen ƙoƙari nawa ya ga dama, ko ya ƙi tura ko ɗaya. Ka buɗe hannu. Idan makinsa da ƙwallayensa sun kai naka ko sun wuce, ya yi nasara. Ƙwallayen da ya tura sun tafi, ya ci ko ya faɗi. Abokinsa yana iya ba shi ƙwallo 1, amma sai ya faɗi yadda mutuminsa ya taimaka a cikin labarin.

Ga inda zuciyar wasan take. Idan ya gaza, kafin ka faɗi abin da ya same shi, ka tura masa farantin gahawa ka ce: "Tana nan kusa. Za ka kira ta?" Idan ya kira kura, ana ƙara masa maki 3 nan take, shi kuma ya ɗauki ƙwaya 1 ya jefa a finjalinsa. Lura da lokacin tayin. Ba kafin gwaji ake yi ba, sai bayan ya ga faɗuwarsa da idonsa, sa'ad da, misali, yaron da yake ƙoƙarin cirowa daga rijiya ya fara suɓuce masa. Mutum kaɗan ne ke iya cewa a'a a wannan lokacin, kuma kowa a majalisar yana jin ƙarar ƙwayar da ta faɗa finjali.

Ƙwaya 1 ko 2, shi kaɗai ya san halin da yake ciki: yana jin ƙanshin nama daga nesa, tuwo ba ya ƙosar da shi. A 3 dabbobi sun gane, jakuna suna tsinke igiya idan ya gifta, karnuka suna shiga ƙarƙashin rumbu. A 4 mutane sun fara lura, idonsa na ƙyalli da dare, dariyarsa ta canja. A 5 ya rikiɗa. Ka karɓi takardarsa, daren ba nasa ba ne. Da gari ya waye a labarin ka mayar masa, ka ba shi ɓarna 2 ya zaɓi wadda ta faru, misali: ko ya kashe akuyoyin ƙanwarsa waɗanda su ne duk dukiyarta, ko maƙwabcinsa ya gan shi yana komawa mutum a bakin rafi. Sannan ƙwayoyinsa su koma 2. Kada ka kashe masa wanda yake ƙauna a rikiɗar farko. Idan ka ƙwace masa komai, ba sauran abin da zai ji tsoron rasawa, wasan ya mutu a hannunsa.

Ƙoƙari yana dawowa ta hanyar zama da mutane. Idan ɗan wasa ya ba da fage guda ga wanda yake ƙauna, ya taya ta surfe ko ya raka tsohonsa gona, ba tare da neman wata riba ba, ka mayar masa da ƙwallo 2. Yunwa kuwa ba ta sauka da arha. Ƙwaya 1 ake cirewa, sau ɗaya a zama, kuma sai ya faɗa wa wani gaskiyar halinsa ko ya biya ɓarnar da ya yi da abin da zai ji a jikinsa.

Abu na ƙarshe shi ne wata. Mu da muke ƙirga kwana da kalandar Ummul Ƙura ba sai an koya mana wannan ba. Labari ya fara a daren 10 ga wata, kowane zama ya ci dare 1. A daren 14 kowa yana ɗaukar ƙwaya 1 ko bai kira kura ba. Wanda ya shiga daren 13 da ƙwaya 4 ya san abin da ke jiransa, abokansa ma sun sani.

Mataki na 4: Gina zango

Kada ka ƙirƙiri duniya, ƙauye guda ya isa. Wurin da na fi so shi ne zango a kan tsohuwar hanyar gabas, wadda ta taso daga Kano ta bi Borno, ta ratsa Wadai da Darfur da Kordofan, ta haye Nilu zuwa Sawakin, daga nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Mutane kan tsaya su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, wasu su zauna ke nan. Garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma noman audugar Jazira da aka buɗe a 1925 ya riƙe Hausawa masu yawa a Sudan. Kafin ka zana komai, je ka zauna da wani dattijo a danginku ka ce: "Baba, yaya su Kaka suka zo?" Abin da za ka samo a hira guda ya fi abin da za ka ƙago a mako.

Ka sa zangonka a wani wuri tsakanin Abeche ta Wadai da Fashir ta Darfur, a zamanin da ba a fara bin hanyar da mota ba, ka raɗa masa sunan da babu shi a taswira. A takarda 1 ka zana wurare 6: rijiya, kasuwa, gidan sarkin zango, turken dabbobi, mahauta, da kogon dutse a bayan gari. Ka ƙirƙiri mutum 5 da za ka riƙa magana da bakinsu, kowanne ka rubuta layi 2 kawai, abin da yake so da abin da yake tsoro. Sarkin zango yana son ayari su ci gaba da sauka, yana tsoron sunan garin ya ɓaci. Madugu yana son tashi kafin ruwan salkunansa ya ƙare. Maharbin da aka ɗauko haya yana son ladansa, amma mutumin kirki ne mai 'ya'ya, kuma wannan ya fi mugun maharbi wahalar sha'ani. Ka ƙara tsohuwa mai fura da ta gane komai ta yi shiru, da yaro mai yawan tambaya.

A kogon kuma akwai garke na waɗanda suka daina komawa mutane. A nan halin kura na gaskiya zai yi maka amfani. A wurin kura mai dabbare-dabbare mace ce ta fi girma, ita ke shugabancin garke, don haka shugabarsu uwar garke ce, ba sarki ba. Haƙoranta na farfasa ƙashi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari, alama mai kyau ga mai bin sawu. Kukanta na tafiya nesa cikin dare. Wadda ke duwatsun Hijaz kuwa sayaki ce mai zane-zane, ta fi yawo ita kaɗai tana cin mushe. Uwar garke kada ta zama dodo mai gurnani kawai. Ka ba ta magana mai daɗi da hujja: "Su wa kuke wahala dominsu? Ranar da suka gane ku, su ne za su fara ɗaukar sanda."

Mataki na 5: Kowa ya gina mutuminsa

A yi wannan tare, a zama ɗaya, da baki. Bayan suna da sana'a da rabon maki, kowa ya amsa tambaya 3 a takardarsa. Wa kake ƙauna a zangon nan wanda bai san halinka ba? Wace ɓarna ka taɓa yi da har yanzu ba a gano ba? Mene ne ba za ka taɓa yi ba ko yunwa ta kai ina? Sannan kowa ya juya ga na damansa su yarda da abin da ya haɗa su, bashi ko surukuta ko sirri.

Ka kwafe amsar tambaya ta farko da ta uku a littafinka. Su ne kayan aikinka na gaba ɗaya. Wanda ya ce ba zai taɓa yi wa mahaifiyarsa ƙarya ba, ka san wata rana mahaifiyar za ta tare shi a zaure da asuba ta tambaye shi daga ina yake.

Mataki na 6: Shirya daren farko

Fage 3 sun isa, kuma kada ka rubuta yadda za su ƙare. Ka shirya matsala, ka bar mafita gare su.

Safiya: an tsinci raƙumin madugu a bakin rijiya an farke cikinsa. Dukan 'yan wasa sun farka da ciwon jiki, babu wanda ya tuna daren jiya. Ka ba kowa ƙwaya 1 tun daga nan. Rana: sarkin zango ya tara jama'a a gindin tsamiya, maharbi ya iso, ya ce zai kwana a bakin rijiya kuma yana son mutum 2 su taya shi gadi. Dare: yaron nan mai tambaya ya ɓata a bayan gari, sawunsa ya ɓace a kan dutse, kuma hancin mutum ba zai iya gano shi ba.

Ka ga yadda na ukun ya ɗaure su. Ceton yaron alheri ne, amma hanyar ceton ita ce kiran kura, ga maharbi a gefe yana kallo.

Mataki na 7: Jan labarin

Fara kowane fage da abin da hanci da kunne ke ji kafin abin da ido ke gani, domin mutanen da 'yan wasa ke riƙe da su rabi mutum ne rabi dabba. Jimla 3 ko 4 sun isa, sai ka kira sunan mutum guda ka tambaye shi. Ga yadda abin kan kasance:

"Iska ta juyo daga gabas, tana ɗauke da warin jini da ƙanshin man shanun da uwar yaron ta shafa masa. Maharbi yana bayanka da taku 10. Tanko, me za ka yi?"

"Yaya, in na durƙusa kamar ina gyara takalmi, zan iya shinshina ƙasa bai gani ba?"

"Za ka iya gwadawa. Amma wata ya haska, kuma mutumin nan da idonsa yake ci."

Ka dunƙule 5. Tanko yana da wayo 2, ya tura ƙwallo 1. Ka buɗe hannu, ya gaza da 2. Ka tura faranti. Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi wuyar koyo, domin baki zai so ya cike wurin. Ka bar shi ya kalli finjalinsa, ka bar abokansa su yi masa magiya ko su hana shi.

Faɗuwa kada ta tsayar da labari. Idan ya ƙi kiran kura ya faɗi, kada ka ce "ba ka samu ba" ka tsaya. Ka ce ya rasa sawun, kuma ga kukan garke ya taso daga inda yaron ya nufa. Kowace faɗuwa ta buɗe wata ƙofa mai zafi.

Ka riƙa zagayawa da tambaya. Mai yawan magana ka ce masa: "Riƙe nan, za mu dawo kanka." Mai shiru kada ka tilasta masa wasan kwaikwayo, ka aiko masa da wani a cikin labarin ya yi masa tambaya mai sauƙi. Wanda kullum faɗa yake so, ka ba shi faɗan, sannan washegari ka nuna masa matar wanda ya raunata tana neman bashin hatsi. Dariya kuwa ba laifi ba ce. Kurar tatsuniya ma ai abar dariya ce saboda kwaɗayinta. Ka bari a yi, sannan ka sassauta murya, za su dawo da kansu.

Akwai wata dabara da nake ƙauna ƙwarai. Yawancin samarinmu da aka haifa a nan Larabci ya fi saurin zuwa bakinsu, Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da cefane. Kada ka hana su Larabci a tsakaninsu, za su gudu. Amma ka sa dattawan zango ba sa jin komai sai Hausa. Duk mai son shawo kan sarkin zango ko tsohuwa mai fura dole ya nemo kalma, ya gaishe ta yadda ya kamata, ya ce "Inna, don Allah ki rufa mini asiri." Wanda ya kawo karin magana da ta dace da wurin, ka ba shi ƙwallo 1 kyauta. Za ka ga yaron da bai taɓa furta madugu ko mangala ko guzuri ba yana komawa gida yana tambayar mahaifiyarsa karin magana kan kura don zama na gaba.

Mataki na 8: Rufewa da ci gaba

Ka tsaya a inda ake son ƙari, ba inda aka gaji ba: an ƙwanƙwasa ƙofa, ko maharbi ya ce "Tanko, zo mu yi magana mu biyu." Ka ce "Ƙurunƙus", a kunna fitila, a ba mutane minti 10 su yi hira su fito daga labarin kafin kowa ya kama hanya.

Kafin a watse ka rubuta ƙwayoyi da ƙwallayen kowa, da wanda ya san sirrin wa. Ka tambayi kowannensu abin da ya fi so a daren da abin da yake son gani a gaba, ka gina zama na biyu da amsoshinsu. Shirin ba zai wuce rabin sa'a ba: ka duba mutanenka 5, ka tambayi kanka me kowannensu zai yi gobe saboda abin da ya faru yau.

Daga daren 10 zuwa 14 zama 5 ke nan. A na ƙarshe ka haɗo duk igiyoyin wuri guda: ayari zai tashi da asuba, uwar garke ta zo da tayinta na ƙarshe, jama'a sun kunna wuta a bakin rijiya. Kowane ɗan wasa ya yanke wa mutuminsa hukunci, ko ya tona kansa ya karɓi abin da gari zai yi masa, ko ya bi ayari ya bar waɗanda yake ƙauna don ya tsare su daga kansa, ko ya shiga kogo. Kada ka nuna musu wanda ka fi so. Idan majalisa ta nemi zagaye na biyu, ka miƙa littafin da ƙwallaye 6 ga wani daga cikinsu, a matsar da labarin zuwa zango na gaba a kan hanyar, kai kuma ka ɗauki finjali ka gina naka mutumin.